Teku Ta Riƙe Uban, Ta Maido Ɗan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, goma ga watan Safar 1406, wadda ta yi daidai da ashirin da huɗu ga Oktoba 1985, Allah Ya karɓi ran ɗana Ja'afaru Usmanu Ɗanmusa a cikin teku, gaban garin Yanbu, yana da shekara talatin da biyu. 'Yan kasuwar gefen Haramin Madina sun fi saninsa da Abu Shamsiyya, shamsiyya kuwa laima ce da Larabci, a unguwarmu ta Ranuna kuma Mai Laima ake ce masa. Ya bar mata ɗaya, Sharifa, da 'ya'ya biyu. Ya bar ni.

Na rubuta sunanka ne don masu karatu su san wanda ake magana a kansa. Kana da rai bakina bai taɓa kiransa ba. Kai ne ɗan fari, mu kuwa da muka tashi a Kano ba a koya mana kiran sunan ɗan fari ba. "Kai yaro" nake ce maka har ka yi gemu, har ka haifi naka. Ban kuma saba yabon ɗa a gaban idonsa ba, domin yabo yana lalata yaro kamar yadda ruwa mai yawa ke ruɓar da shuka. Yau da ba ka nan, ba abin da zai lalace, sai in faɗa.

Matasan da aka haifa a nan ba su san yadda muka zo ba, kuma ba sa tambaya. Na bar makarantar 'yan mata a Kano, aka ɗaura mini aure da mahaifinka, Malam Usmanu, muka kama hanyar gabas. Burinsa ɗaya ne, ya sha faɗa mini: ya rayu a maƙwabtakar Manzon Allah, in ya mutu a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. A Sudan aka haife ka, muna tsince auduga muna tara guzuri. Daga Sawakin muka shiga jirgin katako, kana goye a bayana. Muna tsakiyar ruwa iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cik, zazzaɓi ya kama mahaifinka, kafin iska ta dawo ya cika. Masu jirgi suka ce ba a ajiye gawa a wannan zafi. Aka yi masa salla, aka ɗaura masa dutse, aka zura shi. Ina kallo ruwa ya rufe, ko alama bai bari ba. Mutumin da ya taka ƙasa tun daga Kano don kabari ɗaya, bai sami ko taƙi ɗaya na ƙasa ba.

Tun ranar na roƙi Allah abu guda a kanka. Ban roƙa maka dukiya ba, ban roƙa maka muƙami ba. Na ce, ya Ubangiji, abin da uban ya nema bai samu ba, Ka ba ɗan. In ajalinsa ya zo, Ka sa ƙasar Baƙi'a ta rufe shi.

Ka tashi yaro mai hannu. Duk abin da ya lalace a gida sai ka kwance shi ka gani, na sha dukanka a kan haka, ban kuma yi nadama ba, don da dukan ka koyi mayar da abu yadda ka same shi. Da ka buɗe shagonka a lungun da ke fita Harami, kana sayar da laima da tasbaha da tabarmar salla, sai aikin hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, kowane alhaji da laimarsa. A nan na ga halinka. Tsoho zai zo da laima a karye yana neman sabuwa, maimakon ka sayar masa sai ka ce, "Baba, zauna, wannan ba ta mutu ba." Ka ba shi ruwan sanyi, ka ɗauko waya da filaya ka gyara, ka ce ya tafi ya yi maka addu'a a Rauda. Na ce maka wannan ba ciniki ba ne, ɗan kasuwa ba ya korar kasuwarsa da hannunsa. Ka ce, "Inna, wanda ya sayar da saniyarsa ya zo, ni ba zan sayar masa da inuwa sau biyu ba." Maganar daidai ce, amma ban gaya maka ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta ɓace wa ayarinta, ta zauna ƙofar shagonka tana kuka, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. Ka rufe shago ana tsakiyar ciniki, ka riƙe mata laima, ka bi masauki masauki da ita har ka sada ta da mutanenta. Ba kai ka ba ni labarin ba, maƙwabcin shagonka ne ya faɗa mini, yana yi maka dariya.

Laimomin da suka wuce gyara kuwa ba ka zubarwa. Ka yage ƙyallen, ka tara ƙarafunan a buhu. Da na san abin da za su zama, da na zubar da su da kaina.

Abdulrauf ne ya kai ka teku. Ba zargi nake yi ba, labari nake bayarwa. Bahaushe ne mazaunin Yanbu, iyayensa daga ƙasar Cadi suka zo, yana da ƙaramin jirgi mai inji. Ya zo ziyara, kuka saba, ya gayyace ka. Ka tafi sau ɗaya, ka dawo fuskarka ta ƙone da rana, kana murna kamar wanda aka yi wa albishir. Daga nan duk hutun mako sai ka ɗora akwatin ƙanƙara a bayan motarka ka nufi Yanbu. Duk garuruwan Allah, duk wasannin da maza ke ɓata lokaci da su, ka rasa abin so sai ruwan da ya haɗiye ubanka.

Sai cokulana suka fara ɓata. Na zargi Sharifa da sakaci, na zargi yara. Ran nan na leƙa bayan gida na tarar da kai a zaune, ka yanke kawunan cokulana, ka huda su, ka goge su suna walƙiya. A gabanka ga ƙarafunan laima biyar ka haɗa su a kan dunƙulen darma, sun buɗe kamar laimar da aka tuɓe wa riga. A bakin kowane ƙarfe ka rataya kan cokali da ƙugiya, na tsakiya ka ba shi waya mai tsawo, ya rage a baya.

Na ce, "Kai yaro, wannan wane irin shirme ne?"

Ka ce, "Shamsiyya ce, Inna, amma ta kifi." Ka ɗaga ta kana juyawa. Ka ce babban kifi ba ya wahalar da kansa a kan ɗan kifi guda, amma in aka ja wannan a bayan jirgi, cokulan suna rawa suna ƙyalli, sai ya ɗauka garken ƙananan kifaye ne ke gudu. Ka nuna mini na tsakiyan, ka ce shi aka fi kai wa hari, don kifi yana zaɓen wanda ya kasa bin 'yan'uwansa.

Na ce, "To ka ji da kunnenka. Wanda ya ware daga jama'a shi ake ci. Kuma haka Shaiɗan yake yi wa ɗan Adam, ya jera masa ƙyalƙyali, ƙugiya na ciki. Mutum ɗaya, ciki ɗaya, me zai yi da ƙugiya biyar in ba haɗama ba?"

Ka yi dariya har filaya ta faɗi daga hannunka. Ka ce, "Wallahi Inna, ko kifi ba ki bari ba sai kin yi masa wa'azi."

Na ce ka biya ni cokulana. Ka ce, "Abshiri," wato an gama, da Larabcinku na 'ya'yan yanzu da ake yi muku Hausa kuna amsawa da wani harshe. Washegari ka kawo mini dozin sababbi. Ba su kai nawa ba. A cikin waɗanda ka yanke akwai na azurfa guda da na taho da shi daga Kano.

Maganar haɗama kam na faɗa, amma Allah Ya sani ba cikinka kake tara wa ba. In ka dawo ranar Juma'a da yamma, kafin ka shigo gida ka riga ka bi unguwa. Gidan Zaituna da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, nan kake fara tsayawa. Sai ɗaliban jami'a 'yan Najeriya da ke zaune da iyalansu a unguwar Bani Harisa, waɗanda kuɗin tallafinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Wani daga cikinsu, ɗan Yawuri, ya ce mini tun da ya bar bakin Kwara bai ci kifin da ya tuna masa gida ba sai naka. Ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba. Masunta a Yanbu suka yi ta roƙon ka ƙera musu irin laimarka, ka ƙera, ka ba su kyauta, ka koya musu yadda ake buɗe ƙarafunan don kada ƙugiyoyi su sarƙe.

Ni kaɗai ce ban taɓa cin kifinka ba. Na san ba haramun ba ne, na yi karatu. Amma abin da ya fito daga ruwan nan ba zai wuce maƙogwarona ba. Duk da haka ba makon da ba ka ware mini mafi kyau ba, ka sa Sharifa ta soya ta kawo, ni kuma in aika wa maƙwabta. Ba ka yi fushi ba, ba ka kuma daina ba.

Sau ɗaya na tsare ka sosai. Na ce mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a Madina, kai Allah Ya ajiye ka a cikinta kana fita kana kai kanka inda ba kabari. Na ce in ruwa ya ci ka, ina zan tsaya in yi maka addu'a? Sai ka ce, da Hausa wannan karon, "Inna, ke kina da katangar Baƙi'a da kike tsayawa ki gai da mutanenki. Ni nawa yana can. In mun kashe inji nakan karanta masa Ƙulhuwallahu." Na ce addu'a tana isa daga ko'ina, ba sai an je ba. Ka ce haka ne. Alhamis ta zagayo, ka tafi.

Ranar da abin ya faru, an yi azahar ina ninke sallaya waya ta yi ƙara. Muryar Abdulrauf ce, amma kamar ba tasa ba. Ya fara da gaisuwar ta'aziyya ta Larabci, ya ce, "Ya Hajiya, azzamallahu ajraki. Ja'afar ya faɗa ruwa. Allah Ya yi masa cikawa."

Ban tambaye shi yaya aka yi ba. Na ce, "An same shi?"

Ya ce, "Yana hannunmu, muna mustashfa," wato asibiti.

Na ce, "Alhamdu lillahi." Sharifa tana tsaye a bayana, ta ji hamdala ta ɗauka ka tsira. Da na juya ta ga fuskata sai ta kurma ihu. Na riƙe ta na ce hawaye halal ne, ihu ba na yarda da shi a gidana ba.

Kafin la'asar gida ya cika. Abdulrauf ya sake bugowa ya ce mutanen kirki a Yanbu sun riga sun haƙa kabari, suna so a yi maka sutura a can. Fitar da gawa zuwa wani gari sai da takardar likita da izinin hukuma, ga shi hutu ya shiga, mai sa hannu ba ya nan. Dattawan unguwa suka zauna a zaure suka aiko Malam Balarabe, limaminmu, ya yi mini magana ta bayan labule. Ya ce, "Hajiya, ke mai sani ce. Sunna ita ce a gaggauta. Ƙasa duk ta Allah ce, ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi. Kuma wanda ruwa ya ci muna yi masa zaton shahada. Me ya rage?"

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni kaina na sha faɗa wa mata haka a gidajen makoki. Na ce, "Malam, na ji, Allah Ya saka da alheri. Uban yaron nan ya nemi Baƙi'a da ƙafarsa bai samu ba. Ba kwanaki na ce a ajiye shi ba. A ba ni zuwa sallar Juma'a. In takarda ba ta fito ba kafin nan, su rufe shi a inda yake, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Ya ce, "Kin yi adalci." Aka tsaya a kan haka.

Abin da ya biyo baya aikin Abdulrauf ne, kuma ina so a san shi. Ya zauna a ƙofar ɗakin da aka ajiye ka ya ƙi tashi. Ya aika aka nemo gidan likitan, ya je da kansa da rigarsa da gishirin teku ya bushe a jiki, ya ce masa akwai wata tsohuwa a Madina da teku ta ci mijinta, yanzu tana jiran ɗanta. Da hantsin Juma'a takarda ta fito. Ba motar asibiti a kusa, rana kuma ta fara zafi. Sai ya shimfiɗa ka a bayan motarka, ya kewaye ka da ƙanƙarar da ka saya don kifi, ya rufe da tabarma, ya kamo hanya. A haka ka shigo Madina.

Ana yi maka wanka Abdulrauf ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni labari, kansa a ƙasa. Ya ce ka saki laimarka a bayan jirgi, kana tsaye, ka naɗe igiyar a wuyan hannunka don ka ji motsin kifi da kyau. Ya sha hana ka wannan naɗin. Sai manyan kifaye uku, irin wanda suke kira bayad, suka kama a lokaci guda. Kafin ya juyo daga wajen inji ka riga ka bar jirgin. Ɗan Madina ne kai, ba ka iya iyo ba, ga doguwar riga. Wurin kuwa zurfi ne da shi, in mutum ya nutse a nan ba a ƙara ganinsa. Amma ƙarshen igiyar ka ɗaure shi a ƙarfen jirgi, ɗaurin da ba ya kwancewa, irin wanda kake yi wa komai. Ya yi ta ja shi kaɗai, kifaye suna ja, har tafin hannunsa ya tsage. Da ka taso, igiya na hannunka, ƙugiya ɗaya ta kama gefen rigarka. Rai ya riga ya fita.

Ya nuna mini hannuwan. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini, ni na kai shi." Na ce, "Kai ka kawo shi. Je ka yi alwala, lokaci ya yi."

An yi maka salla a Harami bayan Juma'a, cikin jama'ar da ba wanda zai iya tara ta da gayyata. Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka na tsaya a inda na saba tsayawa, a jikin katanga, ina leƙe ta tsakanin ƙarafa. Rana tana tsakiyar kai. Ban iya hango makara ba saboda mutane. Abin da na gani kawai laimomi ne, baƙaƙe da farare, na sauran alhazan da ba su koma gida ba, suna tafiya a hankali a bayanka. Na bi su da ido har suka tsaya a can ciki, suka taru wuri ɗaya, suka daɗe, sannan suka watse. Kaburburan Baƙi'a ba suna a kansu, dutse ne kawai kamar na kowa. Ba zan taɓa sanin wanne ne naka ba. Ban damu ba. Na san kana ciki.

A nan, da na ɗaga hannu, na ga ba zan ce "kai yaro" a gaban Ubangiji cikin dubban mamata ba. Na ce, "Ya Allah, ga Ja'afaru ɗan Usmanu." Shi ne karo na farko.

Abdulrauf ya kawo mini laimar kifin a cikin buhu, ya ce in yi yadda na ga dama da ita. Ƙarfe biyu sun lanƙwashe. Cokalin tsakiya, wanda ya rage a baya, shi ne na azurfata na Kano. Ra'ayina a kanta bai sauya ba: ƙugiya biyar ta yi wa mutum ɗaya yawa, kuma ita ta ja ka. Amma ita ta riƙe ka, ba don ita ba da yanzu ina da mutum biyu a ruwa. Ban san hukuncin da zan yanke mata ba, don haka na sa ta a ƙasan akwatina na kulle. Ɗanka ya tambaye ni ita, na ce ba yanzu ba, ba kuma nan gaba ba.

Ku matasa masu zuwa Yanbu, na san maganata ba za ta hana ku ba, tunda ba ta hana nawa ba. To ku ji wannan kaɗai. Kada wanda ya naɗe igiya a hannunsa. Wanda bai iya iyo ba ya koya kafin ya hau ruwa. Ku sallami iyayenku mata da kyau kafin ku fita, ko da suna yi muku faɗa, domin faɗan nan ba ƙiyayya ba ce. Shi nawa bai taɓa fita bai durƙusa ya ce mini ya tafi ba, ranar ma ya yi, na ce masa Allah Ya tsare, ban ɗaga kai daga tasbahata ba.

Na yafe maka, Ja'afaru, duniya da lahira, har da cokulan. Ya Allah, Ka jiƙansa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka yalwata masa kabarinsa. Yadda ya yi wa baƙin ManzonKa inuwa a rana, Ka sa shi a inuwar Al'arshinKa ranar da babu wata inuwa. Ka jiƙan mahaifinsa a inda ruwa ya ajiye shi, Ka tashe su tare, Ka haɗa su da ceton maƙwabcinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina yi wa Sharifa ta'aziyya, 'yar kirki ce, ta yi haƙuri da ni da shi. Allah Ya raya mata abin da ya bari, Ya shirye su. Ina yi wa Abdulrauf, Allah Ya warkar da hannuwansa, Ya cire masa nauyin da ba nasa ba. Ina yi wa Zaituna da marayunta, da ɗaliban Bani Harisa, da duk wanda zai ji ƙarar mota ranar Juma'a da yamma ya leƙo. Na gode wa Malam Balarabe da dattawan Ranuna da suka ba ni wa'adin da na roƙa.

Ni kuma saura nawa. Allah Ya sa in tawa ta zo ta same ni a Madina, a shigar da ni ta ƙofar da aka shigar da kai.

Mahaifiyarsa,
Hajiya Halimatu Ɗanmusa
Ranuna, Madina